Manol da Ɗumin Kabarin Donka

A ƙauyenmu, Tumbevo, ba a tambayar mutum daga gidan su wa ya fito. Abin da ake tambaya shi ne a wane ɓangare za a binne shi. Maƙabartarmu kashi biyu ce. Ɓangaren da ke jikin coci ƙasa ce irin ta ko'ina, sanyi na shigowa sai ta daskare, ka sara mata diga ta dawo maka a goshi. Ɓangaren gangare kuwa, wanda ke kallon gonakin shinkafa, ɗumi ne da shi rani da sanyi. Dusar ƙanƙara kan lulluɓe ƙauyen duka har da ƙararrawar coci, amma a can ko minti biyar ba ta yi take narkewa. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Kakanninmu haka suka tarar da wurin, su ma yanzu suna ciki, kuma ba mu ji sun yi ƙorafi ba.

Mutumin kirki a wajenmu, da ya ba shekara hamsin baya, sai ya sa a sassaƙa masa dutsen kabari, da hotonsa da shekarar haihuwarsa, a bar gurbin ɗaya shekarar fili. Ya kafa shi kusa da na matarsa, ranar Asabar su zo su zauna suna shan gahawa suna duba ko an rubuta sunan daidai. A kan neman wuri a gangare an yi gaba ta shekaru, an fasa aure biyu, an taɓa cizon wani a kunne. Masu rai ma ba a bar su a baya ba wajen morar wurin. Kyanwoyin ƙauye duka can suke barci, mata kuma can suke kai kwaɓin burodi ya tashi. Trena, wata gwauruwa da kowa ke tsoron bakinta, shekara ashirin tana jera tukwanen madara a kan kabarin mijinta su kwana su zama kindirmo.

"Da ransa ko tsinke bai taɓa ɗauke mini ba," in ji ta. "Ga shi mutuwa ta mai da shi mutum."

Wanda ke rabon wannan arziki shi ne Manol Tashev, mai haƙan kabari. Shi ne na bakwai a gidan wani manomin shinkafa, gajere mai faɗin tafin hannu, mai tsadar magana. Da ya gama aikin soja ya bi samarin zamaninsa zuwa Jamus, ya yi wata bakwai a masana'anta ya dawo, ya ce ƙasarsu ba ta da labari, duk inda ka taɓa sanyinta iri ɗaya ne. Ya karɓi diga da shebur daga hannun kawunsa, bai sake ajiye su ba.

Manol bai san ma'aunin zafi ba, yana da nasa. A tsakiyar sanyi yakan shiga rami ba takalmi, sai ya ga riga nawa zai bari a jikinsa kafin ya kai ƙasa. Akwai kabarin riga uku, akwai na riga biyu, akwai na riga ɗaya, sannan na singileti, wanda ake mafarkinsa. In aka yi rasuwa, kafin a tambayi abin da ya kashe mutum ana tambayar riga nawa ya samu. Wani ciyaman da ya yi shekara goma sha biyu yana mulkinmu riga uku ya samu, kuma kowa ya san dalili.

Matarsa Donka 'yar kan dutse ce, daga ƙauyukan da ke sama da namu. Za ka ce ta saba da sanyi. Ina! Allah bai halicci mai jin sanyi kamarta ba. A watan Agusta, ana gasa tattasai a tsakar gida kowa na sharɓar gumi, ita tana cikin safar ulu. Kalmarta ta farko kowace safiya ita ce, "Manol, rufe ƙofa." Shekara arba'in da huɗu yana rufe ƙofa yana ƙunƙuni. Ɗansu ɗaya, yana Italiya yana ginin gidajen mutane, yakan bugo waya ranar bikin Ista.

Akwai abin da Manol ya ɓoye wa duniya. Tun yana ɗan shekara talatin ya gano wata kusurwa a ƙarshen gangare, gindin wata tsohuwar bishiyar tuffa. Kamu ɗaya ya haƙa ya ji ko singiletin ma nauyi take yi masa. Nan da nan ya mayar da ƙasa ya rufe, ya ce wa jama'a dutse ne a ƙasa, diga ba ta shiga. Attajirai sun nema, Fada Nikodim limamin cocinmu da kansa ya nema wa mahaifiyarsa, amsar ɗaya ce, dutse ne. Donka ya ajiye wa. Bai taɓa gaya mata ba, domin Manol ya gwammace ya haƙa rami goma da ya faɗi magana mai daɗi guda.

A wani watan Janairu ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Ranar an yi jana'izar mai injin casar shinkafa. Manol ya cika mata murhun ƙarfe da itace, ya ce kafin rana ta take zai dawo. Bayan binnewa aka zauna cin wake, aka zagaya da barasa, kofi ya ja kofi. Sai da la'asar ya turo ƙofar gidansa. Murhu ya mutu tuntuni. Donka na kwance ta fuskanci bango, ta cusa hannuwanta tsakanin gwiwoyinta, ga itace taku biyu daga gadon ta kasa kaiwa. Likita ya ce zuciya ce, ko yana nan da ta tafi. Manol bai ji wannan ba, har ya mutu bai ji ba. Abin da ya sani shi ne ta tafi tana jin sanyi yana can yana cin wake, kuma baƙin cikin wannan bai taɓa sakinsa ba.

Washegari ya haƙa gindin tuffa, gumi na zuba masa a tsakiyar hunturu, jama'a suka ga ashe ba wani dutse. Fada Nikodim bai sake yi masa magana ba sai bayan Ista. Da aka watse, Manol ya tsaya a kan kabarin ya ce, "Kin gama jin sanyi, Donka. Wannan yana wuyana." Ya kafa nasa dutsen a gefenta, ya kuma bar barasa daga ranar.

Shekara huɗu bayan haka fararen motoci suka shigo ƙauyen, ɗauke da mutane masu hular kwano. Aka tara mu a makaranta. Wata injiniya daga babban birninmu Skopje, mai suna Bisera, siririya mai saurin magana wadda ba ta wuce talatin ba, ta ce a ƙarƙashin kwarin nan namu akwai ruwan da ya fi tafasasshe zafi. Za su haƙa rijiya mai zurfin kilomita biyu, tururi ya fito ya juya inji, inji ya ba da wutar lantarki. Mu da ake ɗauke wa wuta sau uku a mako, samarinmu kuma duk sun gudu ƙasar waje, sai tafi kamar hannu zai tsinke. Trena kaɗai ta ɗaga yatsa.

"'Yar nan, su na ƙasan an tambaye su?"

Aka yi dariya. Manol bai yi ba.

Matsalar masu hular kwano ita ce haƙa rijiya ɗaya ba wasa ba ce, kuma na'urorinsu sun kasa haɗa baki a kan inda za a sara. Wani mai neman suna ya gaya wa Bisera cewa akwai tsohon da ya san zafin ƙasar nan taƙi-taƙi. Ta same shi a cikin rami, ƙasa na tashi sama shebur-shebur.

"Sannu da aiki, Kawu."

"Yawwa. In naki kike nema, ki dawo bayan shekara hamsin, layin da tsawo."

Ta tsuguna a bakin ramin ta faɗi buƙatarta. Ya dogara shebur, ya kalle ta daga ƙasa.

"In kun zuƙe zafin na ƙasa, na saman fa?"

"Zai iya ɗan raguwa, Kawu. Musamman kusa da inda muka haƙa."

Kusa da inda suka haƙa. Nan take Manol ya san abin da zai yi. Ya fito ya kakkaɓe wando ya ce gobe ta zo da takalmin kirki.

Kwana uku yana yawo da ita a dawa, shi ba takalmi. Ya taɓa ƙasa da gwiwar hannu, ya sunsuna, ya ɗanɗana, ya girgiza kai su yi gaba, duk don ta yarda aiki yake yi. A rana ta uku ya kai ta bayan dutse, wani kwazazzabo mai nisan tafiyar awa guda daga maƙabarta, inda ƙanƙara ke kaiwa watan Mayu kuma awaki ba sa shiga ko da sanda. Ya buga dunduniya.

"Nan. Singileti."

Bisera ta soka ma'auninta a ƙasa, ta duba, ta sake dubawa.

"Kawu, ai digiri huɗu yake nunawa."

"Shekararsa nawa, ma'aunin naki?"

"Biyu."

"Ƙafata saba'in da ɗaya."

Ta koma ta baza taswirorinta ta yi kwana goma a kansu. Abin da ta gani a ciki Manol bai sani ba, sai dai ya ga an ja injin haƙa mai tsawon hasumiya an nufi kwazazzabo. Wata tara ana haƙa. Wata taran nan kullum Manol sai ya kunna kyandir a coci yana roƙon Allah Ya sa su tarar da ƙanƙara, har Fada Nikodim ya kafa misali da shi a wa'azi, ya ce ga tsohon da ya damu da ci gaban ƙauyensa.

Wata Laraba da hantsi tururi ya ɓalle. Ƙarar ta girgiza tagogi, ƙararrawar coci ta kaɗa kanta, kajin ƙauye suka yi mako ba ƙwai. Bisera ta zo a guje da laka har gwiwa, ta rungume Manol a gaban mutane.

"Kawu, yaya aka yi ka sani? Ƙasar nan tukunya ce mai murfi. Inda ya fi sanyi a sama, nan murfin ya fi kauri, nan zafin ya taru. Maƙabartarku ai ɗan tsagewar murfin ce kawai, abin da ke tsiyaya. Manyanmu duk can suka so a haƙa, da mun yi asara. Yaya aka yi ka sani?"

"Baiwa ce," in ji Manol.

Sai aka zo rijiya ta biyu. Ya rasa yadda zai yi ƙarya, domin in ya nuna wuri mai sanyi ya taimake su, in ya nuna mai ɗumi ya kai su kan Donka. Ya rufe ido ya jefa hularsa, ta faɗa kan jujin taki. Suka haƙa, tururi ya fito ya fi na farko. A ta uku ya ƙi nuna ko'ina, ya ce baiwar ta ƙare, ya zauna a kan wani dutse yana huta ƙafa. Masu hular kwano suka kalli juna, suka jira ya tashi, suka kafa alama a inda ya zauna. Ba sai na gaya muku abin da suka tarar ba.

Ranar buɗe tashar, minista ya zo ya yanke kyalle, ya rataya wa Manol lambar yabo, ya kira shi da sunan wani daban. Jarida ta buga hoton tafin ƙafarsa. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga jami'a suna roƙon ya cire takalmi su gani. Gaskiya kuma a faɗe ta, wuta ta zauna daram. Yara suka daina karatu cikin rigar sanyi, kowane gida ya sayi tanda ta lantarki da na'urar ɗumama ɗaki, samari uku suka dawo daga Italiya suka kama aiki. Ko gwiwoyin Manol sun ji daɗin abin, kuma ya ji haushin gwiwoyin.

Kyanwoyi ne suka fara sani. A sanyin farko suka tattara suka koma jikin bututun tasha. A na biyu, wata safiya aka ji ihun Trena daga maƙabarta, ta buɗe tukwanenta ta tarar madara tana nan madara.

"Ya koma halinsa! Na san ba zai ɗore ba, malalacin banza!"

A makon nan Manol ya haƙa kabari a tsakiyar gangare, inda da ake samun riga ɗaya, ya kai ƙasa da riga biyu a jikinsa. Waɗanda suka yi shekaru suna gaba a kan wurin, waɗanda suka fi kowa tafi ranar lambar yabo, su ne suka daina gaishe shi. Trena dai ba ta iya gaba da baki a rufe ba.

"Mai baiwa! Ka jefa hula mana ka dawo mini da kindirmona."

"Ki ƙyale ni, Trena."

"Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Ya sa rigarsa ta zuwa coci ya tafi ofishin Bisera. Ya ajiye mata lambar yabon a kan tebur.

"'Yar nan, ƙarya na yi miki. Duka ukun. So na yi ku tarar da ƙanƙara ku tattara ku tafi."

Ta fashe da dariya har da dukan tebur. Da ta ga fuskarsa sai dariyar ta tsaya. Ya ba ta labarin Donka, a tsaye, yana kallon bango, bai rage komai ba har da waken.

"A rufe rijiyoyin ba zai yiwu ba, na sani," in ji shi. "Yara na karatu. Amma in an rufe, ɗumin zai dawo?"

"Zai dawo, Kawu. Bayan shekara ɗari, ko ɗari biyu."

"Ba ta da haƙurin nan. Ko minti biyar na bar ƙofa a buɗe sai na ji a jikina."

Bisera ta ce akwai ruwan ɗumi da tasha ke rabawa gidaje ta bututu, ya cika fom ko za a dace. Suka cika tare. Sunan mai gida, Donka Tasheva. Yawan mazauna gidan, ɗaya, ana sa ran na biyu. Yawan tagogi, babu. Bayan wata biyar amsa ta zo daga babban ofis da hatimi uku, cewa an duba buƙatar da idon rahama, amma dole mai gidan ta zo da kanta da katin shaida ta sa hannu. Bisera ta ji kunya ƙwarai. Ta sayo bargon lantarki mai kyau ta kawo masa, ta ce ko zai shimfiɗa a kan kabarin, za ta ja masa waya daga coci. Ya yi godiya ya ajiye a kan kabad. Shekara hamsin yana cikin rami, ya san zafi hawa yake yi, ba ya sauka.

A farkon Disamba, wata safiya, ya zo ya tarar dusar ƙanƙara ta kwanta a kan Donka, fara fat, kauri yatsa uku. Ya durƙusa ya share ta da hannu, tana sauka yana sharewa, har hannuwan suka daina jin komai. Kunya ce ta kama shi, irin ta wanda aka kama da ƙarya a gaban matarsa. Ya koma gida ya ɗauko diga.

Nasa kabarin ya haƙa, wanda ke jikin nata, har ya kai daidai zurfinta. Ya ciro murhun ƙarfen gidansa ya zura shi ciki da igiya, ya manna shi da bangon da ke wajenta, ya kafa masa bututun hayaƙi, ya rufe ramin da kwano. Daga ranar aikinsa ke nan duk sanyi. Da safe ya sauka da tsani ya hura, ya yini yana izawa, da yamma ya cika ya tafi. A ƙauyen da kowa ya koma lantarki, hayaƙi ɗaya ne ke tashi, daga maƙabarta. Har wasu sababbin masu hular kwano suka zo da na'urori, wai hoton da suka ɗauka daga sama ya nuna sabon wuri mai zafi, sai da Bisera ta kore su da kanta.

Trena ta ce ya haukace, ta faɗa a kasuwa ta faɗa a coci. Ita ce kuma ke turo masa baro cike da itace duk Litinin. Wata rana ta leƙa ramin, yana zaune a kan kujera 'yar tsugunno yana gasa hannu.

"To mai baiwa, in ka mutu fa? Ramin ai naka ne. Murhu da gawa ba sa zama rami ɗaya."

"Na yi tunaninsa."

"Da wane kan?"

Ranar Lahadi ya tare Fada Nikodim a ƙofar coci.

"Fada, in tawa ta zo kada a kwana da ni. A yi mini irin na Turkawan ƙauyen sama, ana mutuwa ana kaiwa."

"Haba Manol. Ai akwai zaman gawa, akwai addu'o'i, ga ɗanka sai ya taso daga Italiya. Doka ma sai likita ya sa hannu."

"Shekara hamsin ina taɓa gawa, Fada. Awa shida mutum ke riƙe ɗuminsa, bayan nan dutse ne. Shi kaɗai ya rage mini in kai mata. A kai ni da ɗumina."

Fada ya ce to, don ya samu ya wuce cin abinci.

Sanyi uku Manol ya yi yana hura wuta a kabarinsa. A na huɗu, wata safiyar Fabrairu, Trena ta turo baronta ta ga ba hayaƙi. Ta same shi a tsakar gidansa ya kife kusa da gatari, jikinsa da sauran ɗumi. Ta kwarma ihu maƙwabta suka fito, aka ɗauke shi aka kai gado, aka buga wa likita waya a garin Kochani. Aka ce hanya ta toshe da ƙanƙara, sai motar sharewa ta wuce. Trena ta duba agogo, ta duba kan kabad, ta sauko da bargon lantarki ta naɗe shi tsaf, ta jona wuta ta murɗa maɓallinsa har ƙarshe.

Sai da rana ta take likitan ya iso, saurayi ne sabon fitowa. Ya taɓa goshin Manol ya ja da baya.

"Wa ya ce ya mutu? Wannan ai zazzaɓi yake."

"Ɗan nan, duba zuciyarsa mana."

Ya duba, ba bugu. Ya duba ido, ya duba numfashi, ya sake taɓa goshin. Ya ce shi bai taɓa karanta gawa mai digiri talatin da tara ba, kuma ba zai sa hannunsa a takardar da za ta kai shi kotu ba. A cire bargo, a buɗe taga, a jira a ga abin da jikin zai yi. Trena ta roƙe shi, ta zage shi, ta zagi makarantar da ta yaye shi. Fada Nikodim, wanda sai yanzu alkawarinsa ya dawo masa, ya ce shi zai ɗauki laifin. Likita ya ƙi.

Awa uku muna zaune muna kallon Manol yana hucewa. Ban taɓa ganin zama mai ciwo irinsa ba. Trena na riƙe da hannunsa tana jin abin yana tafiya kaɗan-kaɗan, sai hawaye, ita da ko ranar mijinta ba ta yi kuka ba. Da likita ya gamsu cewa ya yi sanyin da doka ke so, ya sa hannu ya ce Allah Ya ba mu haƙuri.

Trena ta share fuska da gefen ɗankwali ta miƙe.

"Kowace mace ta je gida ta kunna tanda. Jan bulo biyu-biyu, a gasa su kamar burodi. Wadda ta kawo mini mai ɗumi-ɗumi sai na ci mutuncinta."

Ƙauyen da bai taɓa sauri a kan komai ba ranar ya yi gudu. Aka rushe katangar kejin kajin ciyaman na yanzu don bulo. Mata suka riƙa ɓullowa daga lunguna da bulo a naɗe cikin tawul suna canja hannu. Aka jera su a akwatin, ƙarƙashinsa da gefensa da kan ƙirjinsa, aka fi tarawa a ɓangaren da zai kalli Donka. Maza takwas suka kasa ɗagawa, sai da Bisera ta kawo motar tasha. Fada Nikodim ya bi motar da sassarfa yana karanta addu'a yana tsallake shafi, gemunsa na tashi a iska. Aka jawo murhu daga ramin, aka zura akwatin yana tururi, igiya na ƙona hannu. Kowa ya sa hannu wajen mayar da ƙasa, da shebur da kwano da tafin hannu, aiki dai ba kyau, domin mai iyawar shi ne a ciki.

Rana na shirin faɗuwa aka gama. Mutane suka fara juyawa, dusar ƙanƙara ta sake soma sauka. Trena ta tsaya. Ta durƙusa da ƙyar a gefen Donka, ta share ƙanƙarar, ta kifa tafin hannunta a kan ƙasa, ta daɗe a haka.

"Ga shi nan ya zo, Donka," in ji ta. "Ya makara, amma wannan karon ba laifinsa ba ne. Matsa kusa da shi, 'yar'uwa, bulo ba ya daɗewa."